Attahir da Tseren Asabar

A wannan watan ƙanena Attahir yake cika shekara tara a maƙabartar Baƙi'a. Duk shekara idan zafi ya kama Madina har ƙarfen ƙofa ya gagari hannu, sai in ce bana zan zauna in rubuta wani abu a kansa, sai kuma in fasa. Abin da yake hana ni ɗaya ne: mutane suna son labarin mamaci ya zo da ƙarshe mai kwantar da hankali, ni kuwa nawa bai zo da shi ba. Bana na ga gara in faɗi abin da idona ya gani, in bar wa Allah wanda ban gani ba.

Mu biyu iyayenmu suka bari. Daga Sudan suka zo, a unguwar Harra ta Gabas aka haife mu, a nan kuma nake har yau, a gidan da mijina ya rasu ya bar ni. Attahir direban bas ne, yana jigilar masu umra tsakanin Madina da Makka. A wannan aikin ya koyi shan ƙwayar da direbobi suke sha don kada barci ya ɗauke su. Da farko sai lokacin cunkoso, daga baya kullum. Ya rame, ya zama mai faɗa, aiki ya kuɓuce masa. Surukinsa, Alhaji Bashir, ya zo da kansa ya ɗauke 'yarsa Nafisa da ɗan da suka haifa, ya mayar da su gidansa a unguwar Jurf. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban gani ba har yanzu. Attahir ya yi watanni a mustashfa, wato asibiti, ana yi masa magani, da aka sallame shi kuma babu inda zai nufa sai wajena.

Mutumin da ya dawo mini ba mai faɗa ba ne, amma ba ƙanen da na sani ba ne. Yana wuni a ɗaki yana kallon bango. Ya tashi ya yi salla, ya koma. In na ajiye abinci ya ce, “Shukran, Yaya,” ya ɗan taɓa ya rufe.

Malam Sani ne ya fitar da shi. Ɗalibi ne daga Zariya da yake karatu a jami'a, yana kuma jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Wata la'asar ya turo keke har ƙofar gida, mai siraran ƙafafu da tayoyi masu kaushi, ya yi sallama daga waje.

“Hajiya, ki ba ni aron ƙanenki ranar Asabar. Akwai mutanen da muke tsere da su a gonakin dabino, kuma kullum ni nake zuwa na ƙarshe. Ina neman wanda zan wuce.”

Na ji Attahir ya yi dariya daga ɗaki. Na daɗe ban ji wannan sautin ba.

Tseren nasu ba na kan kwalta ba ne. Idan sanyi ya shigo, wasu masu sha'awar keke, Larabawa da Misirawa da 'yan Indonesiya da namu ƙalilan, sukan roƙi mai gona ya ba su wuri. Sai su ja igiya su zagaye fili tsakanin dabinai, ta cikin rairayi, ta kan kunyoyi, ta laka a inda ruwan ban-ruwa ya kwanta. Inda keke ba zai wuce ba sai mutum ya diro, ya saɓa shi a kafaɗa, ya ruga da shi, ya sake hawa. Haka za su yi ta zagaye har a busa musu. Babu kyauta sai shayi da dabino. Kowace Asabar bayan asuba, daga farkon sanyi har ƙarshensa.

Ni ba tseren nake gani ba, abin da tseren ya bari nake gani. Asabar ta farko ya shigo gida laka har gira, gwiwa tana jini, ya zube a tsakar gida. Ya ce sau biyu ya yi amai, kuma Malam Sani ya samu abin da yake nema, domin shi Attahir ne ya zo na ƙarshe. Na ɗora ruwan zafi, na wanke ciwon, na shafa masa man zaitun a sha-raɓa yana ihu kamar yaro. Ya cinye kwanon shinkafa ya nemi ƙari. Ya yi barcin da bai yi ba tun fitowarsa.

Daga nan mako ya samu tsari a gidana. Lahadi ba ya iya hawa matakala sai ya dafa bango. Litinin ciwon ya sauka cinya, yana tafiya kamar tsoho, yana wanke keken da tsohon buroshin haƙori. Na koyi dafa masa romon ƙashi da hilba, na koyi barinsa ya yi barcin rana ba tare da na tashe shi ba. Ranar da nake tsoro ita ce Talata. A ranar jiki yake sakinsa, idan jiki ya sake shi kuwa sai zuciya ta kama shi. Zan ga yana kai-komo tsakanin ɗaki da ƙofa, yana murza yatsu, idonsa a titi. Ya taɓa ce mini, “Yaya, muddin ƙafata tana ciwo, kaina shiru yake yi.” Laraba ya fita motsa jiki, Alhamis ya fara lissafin wanda zai wuce, sai in samu numfashi.

Ana tsakiyar sanyi aka kai tseren wani fili a gefen harra, inda baƙaƙen duwatsu suke da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Tayar gaba ta zame, ya faɗi a kan haƙarƙari. Malam Sani ya kira ni daga wani ƙaramin asibiti, na ɗauki abayata na tafi. Na tarar da shi zaune, ya riƙe gefensa, ba ya iya jan numfashi sosai. Likitan ya ce haƙarƙari ya tsage, ba abin da za a yi sai hutu, ya ɗauki alƙalami zai rubuta masa magani mai ƙarfi na kashe ciwo.

Attahir ya ɗaga hannu. “La, ya daktor. Ba na shan irin wannan.”

Likitan ya ce ba zai iya barci ba.

“Na sani. Ka ba ni mai sauƙi, na yara ma ya isa. Ni mai tarihi ne da ƙwaya.”

Likitan ya dube shi, ya dube ni, ya soke abin da ya fara rubutawa. A mota Malam Sani ya dafa kafaɗarsa.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi muni. Babu keke, babu Asabar, ga ciwon da ba ya barin mutum ya yi tari. Wata rana bayan azahar na leƙa ɗakinsa babu shi, takalmansa ma babu. Wayarsa tana kan katifa. Na bi layi-layi, na tambayi mai baƙala, ɗan kantin layinmu, na tambayi mai wanki, har na kai bakin babban titi ina waige kamar mahaukaciya. Ana kiran magariba ya shigo. Na tsaya a gabansa ina kallon ƙwayar idonsa, don na san abin da ake dubawa.

Ya ce, “Na je, Yaya. Har wurin na je. Na ga yaron da yake sayarwa, shi ma ya gan ni. Na zauna a kan dakali har rana ta yi sanyi, na taso.”

“Ka saya?”

“Wallahi ban saya ba.”

Idonsa daidai yake, hannunsa ba ya rawa. Na yarda da shi a ranar. Amma daga ranar na san cewa hanyar wurin tana nan a ƙafarsa, kuma babu keken da zai goge ta.

Ya koma tsere tun haƙarƙarin bai gama haɗewa ba. Na yi faɗa, Malam Sani ya yi nasiha, Attahir ya ce mana zaman gida ya fi faɗuwa haɗari a wurinsa. Tseren ƙarshen shekarar a Badar aka yi shi, a wata babbar gonar dabino, shi ne kuma kaɗai na je. Abin da ban sani ba, Malam Sani ya yi ta zarya Jurf har ya shawo kan Alhaji Bashir. Muna isa na ga motar Alhajin a ƙarƙashin inuwa, Nafisa a baya da yaron a cinyarta.

Na ga ƙanena yana fitowa daga laka da keke a kafaɗa, bakinsa buɗe, yana tafiya a karkace saboda gefen da yake ciwo. Duk zagayen da zai yi sai ya wuce ta gaban motar nan, bai kuma juya ya kalle ta ba ko sau ɗaya. Bai ci ba, bai yi kusa da ci ba. A tsakiyar jerin masu tseren ya ƙare, amma ya ƙare a kan kekensa. Ya zo ya durƙusa ya gaida surukinsa, laka tana ɗiga daga haɓarsa. Alhaji Bashir ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Ka yi ƙiba, Attahir. Bari a sauko daga aikin hajji, sai ka zo mu zauna.” A hanyar dawowa Attahir ya yi ta maimaita maganar nan kamar mai hadda.

Sai zafi ya shigo, tsere ya tsaya. Wanda ya san Madina ya san babu mai hawa keke a cikin wannan wutar sai ɗan lokaci kafin fitowar rana. Malam Sani ya tafi hutu Najeriya. Attahir ya samu aiki a wani sito na dabino, yana lodi. Yana fita, yana dawowa, yana salla. Wasu ranakun yana hira, wasu ranakun shiru. Kowace rana ta zama mini Talata. Kafin alhazai su fara isowa, wata azahar, aka kira ni cewa ya faɗi a bakin sito. Ko da aka kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, ya ce shekarun da ya yi yana shan ƙwaya sun riga sun raunana ta.

A zaman ta'aziyya na ji raɗa. Wata ta ce ai ya koma. Wata ta ce tseren ne ya kashe shi, mai irin wannan zuciyar ina shi ina gudu da keke a kafaɗa. Wata ta ce zafi ne kawai, ya kayar da waɗanda suka fi shi lafiya. Na share ɗakinsa kusurwa-kusurwa ban ga komai ba, amma wanda ya zauna da mai wannan larura ya san rashin gani ba hujja ba ne. Shekara tara ina juya maganganun nan uku, babu wadda na iya kamawa, babu wadda na iya yarwa.

Yau Madina ta canza. An yi hanyoyin keke, har 'yan mata nake gani da hular kwano a kan mayafi. Masu tseren sun yi yawa, an ce suna ɗaura agogon da yake gaya wa mutum zuciyarsa ta gaji, yau ya huta. Nakan ce da Attahir yana da irinsa, ko da ya ji maganarsa? Ina jin dariya zai yi, ya ce agogon bai san abin da hutu yake yi masa ba. Abin da zai ɗaga masa hankali shi ne layinmu. Ƙwayar zamaninsa ta zama wasa a kan abin da yara suke sha yanzu, wanda suke kira shabu. Yaran da aka haifa a gabana, waɗanda nake yi wa Hausa su amsa da Larabci, ina ganin wasunsu suna bushewa a tsaye. Ɗan Attahir, alhamdu lillahi, yana hannun kakansa yana karatu. Nafisa ta yi aure, muna gaisawa.

Watan jiya wata maƙwabciyata 'yar Chadi ta shigo, ta zauna ta ƙi shan shayi. Ɗanta ya fito daga mustashfa, yana ɗaki yana kallon bango. Ta ce, “Hajja, an ce ƙanenki da keke ya warke. Gaskiya ne? Ki gaya mini gaskiya, don Allah.”

Na so in ce mata e, ta tafi da farin ciki. Bakina ya ƙi. Na ce mata ban sani ba ko ya warke. Na ce abin da na sani shi ne na ga mutum ya ƙi maganin ciwo da tsagaggen haƙarƙari, na ga ya je bakin ramin ya dawo da ƙafarsa, na ga sanyi guda cur da ya yi yana ci, yana barci, yana jiran gobe. Na ce wannan ba a mafarki na gan shi ba, kuma babu raɗar da za ta ƙwace mini shi.

Ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, “Sanyi guda ma, ina so.”

Ita ce ta sa na rubuta wannan. Allah Ya jiƙan Attahir, Ya karɓi ƙoƙarin da ya yi a matsayin tuba, Ya rufa masa abin da ya ɓoyu gare ni. Ɗan maƙwabciyata kuwa, na nemo masa lambar masu tseren. Sun ce sai zafi ya sauka. Uwarsa tana ƙirga watanni, ni ma ina taya ta.