Muryar Baba a Bayan Maganata

Ƙarar cokali ce a gefen kwanon sha, ƙwal-ƙwal-ƙwal, irin wadda ba mai kula da ita a gidan da ke da yara. A gidanmu kuwa kira ce. Surukina ne, mahaifin maigidana, ke sanar da ni daga ɗakin da ke bayan madafa cewa yana son ruwa, ko kuma yana son ganin fuskar mutum kawai. Ina roƙon mujallarmu ta buga wannan wasiƙa ba tare da sunana ba. Ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, ko da yake a nan Dakoro masu ganewa sun riga sun gane tun tuni.

A lokacin ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har ajin ƙarshe na kolej kafin aure, ina kuma zuwa islamiyyar matan aure ta unguwarmu. Mai saurin kuka ce ni, ko kaza aka yanka sai na kau da kai. Amma ina da wani hali da ban san aibi ba ne sai daga baya: ina jin daɗi a ce na iya magana. In aka yi gardama a gurup ɗin waya na matan unguwa, ni ake jira in yi bokal, wato saƙon murya, in raba.

Baba, haka nake kiran surukina, babban dillali ne a kasuwar bisashe. Daga Bader Goula har Ɗan Gulbi babu makiyayin da bai san muryarsa ba, saboda yana da wata kalma da yake ɗaga murya ya faɗa in mai saye ya tsaya kallon rago: "Duba haƙori, kar ka dubi ƙaho!" Sai tsufa ya zo masa da mantuwa. Da farko takalmi yake bari a masallaci, daga baya ya je kasuwa ya kama sayar da saniyar da ba kowa ya ba shi. A ranar 'ya'yansa maza suka zauna suka yanke shawara. Suka ce a garin nan in dillali ya ruɗe, ba mai cewa ciwo ne, cewa za a yi alhakin rantsuwar ƙarya ne ya kama shi. Saboda haka za a faɗa wa mutane ya koma Tagriss wajen ƙaninsa mai kiwon garken gidan, can inda babu rezo, waya ba ta kamawa. Aka sa shi a ɗakin bayan madafata, aka sa sakata ta waje. Gidanmu a bakin gari yake, katangarsa doguwa, in baƙi suka zo sai in ƙara muryar rediyo. Har yara muka koya wa su riƙa cewa Kaka yana Tagriss.

Ku da kuka san surukuta kun san abin da zan faɗa. Mutumin da ban taɓa ɗaga ido na kalla ba, wanda nake durƙusawa daga nesa in gaida, shi ne ya koma kirana Inna, ya ɗauka ni ce mahaifiyarsa. Ba ya cin tuwo sai daga hannuna. In la'asar ta yi sai ya firgita ya tambaye ni ko an shayar da bisashe, in ce an shayar, ya yi ajiyar zuciya. Autata kuwa, yarinya ce da ba ta daɗe da shiga lakwal ba, ita kaɗai bai taɓa mantawa ba. Amaryata yake ce mata, ita kuma ta ce masa ba ta auren tsoho marar haƙori, su yi ta dariya. Ba zan yi ƙarya ba, na gaji a wasu ranaku. Amma na ƙaunaci tsohon nan a cikin ruɗewarsa fiye da yadda na san shi yana da lafiya.

Ana haka wani fim na ban dariya ya shigo gari, ana tura shi a wayar hannu, daga salula zuwa salula. A gidan suna na fara ganinsa, mata sun cika ɗaki an jingina waya da kwalla. Labarin wani gida ne da kowa ke ɓoye abu: maigida ya sayar da gona bai faɗa ba, uwargida tana cin nama a ɓoye tana cewa mage ce, ɗansu yana fita da jakar lakwal alhali an kore shi tun bara. Wallahi na yi dariya, musamman wadda ta fito a uwargida, ta iya goge baki da gefen zane. Amma babban sirrin gidan shi ne kakansu da ya ruɗe, suna kulle shi a ɗakin ajiya duk lokacin da aka yi sallama. Ranar da masu neman auren ɗiyarsu suka zo sai ya ɓalle, ya fito da tukunya a ka yana rawa. Ɗakin ya kaure da shewa, wata har tana buga cinyata. Ni kuwa sai na tuna ɗakin bayan madafata.

Washegari gurup ya cika da zancen fim ɗin, kowa na maimaita maganganun tsohon. Wata ta ce ina ustaziya, ba mu ji ra'ayinki ba. Bayan azahar ne, ina zaune bakin madafa ina tsince shinkafa, na danna salula na fara magana. Na yaba wa 'yan wasan, na ce labarin gona da na nama sun yi ma'ana, don gidan da ba a gaskiya kowa gadin kowa yake yi. Sannan na ce amma a kan tsohon sun yi zalunci, kuma da gani waɗanda suka shirya fim ɗin ba su taɓa zama da irinsa ba. Na ce tsohon da ya ruɗe ba rawa yake ba, tsoro yake ji. Yana manta sunanka amma ba ya manta hannun da ke ba shi abinci. Yana yin alwala ya sake, ya sake, don bai tuna ya yi ba, kuma da la'asar hankalinsa ya fi tashi. Na ce a fim ɗin gaba ɗaya ba wanda ya tambayi tsohon ko ya ci. Na ji maganar ta yi mini daɗi a baki, na tura ban saurara ba. Na daɗe da sabawa da ƙarar cokalin har kunnena ya daina jin ta.

Amma salula ba ta saba ba. A bayan maganata, tun daga tsakiya, ana jin ƙwal-ƙwal-ƙwal, sannan muryar da duk Dakoro ta sani ta tashi tangaran tana cewa a duba haƙori kar a dubi ƙaho, ta kuma ƙara da kiran amaryata, amaryata, zo ki ga rago.

Sai wata maƙwabciyarmu, wadda muke zama tabarma ɗaya a islamiyya, ta yi bokal tana dariya har tana tari. Ta ce ikon Allah, ashe Tagriss ta taso ta dawo bayan madafata, har da rezo mai ƙarfi. Wata ta ce shi ya sa sharhin ya yi kyau, ashe malama da littafinta a ɗaki take karantarwa. Wata ta tambaya ko mu ma tukunya muke kifa masa, ko kwano ya ishe shi. Na yi sauri na goge daga gurup, amma an riga an kwashe. Kafin magariba ya kai kasuwa. Kafin mako ya zagayo wani yaro mai iya waya ya yanko muryar Baba ya ɗora a kan wurin da tsohon fim ke rawa da tukunya. Sunan da ake kiran tsohon nan a fim, wanda ba zan rubuta ba, shi ya koma sunan surukina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dubiya. Kun san ba a hana mutum gaida marar lafiya, wanda ya hana shi ne marar mutunci. To da wannan ƙofar suka shigo. Mata da kwanon kunu, maza da 'yar ledar goro, kowa da salula a hannu. Bakinsu na cewa Allah ya sawwaƙe, idonsu na neman sakata. Wani mutum da ya ce Baba ya taɓa sayar masa da raƙumi mai ciwo ya zo da abokansa, ya ɗauki tsintsiya ya miƙa masa, ya ce Alhaji ga tunkiya a yi mata kuɗi. Baba ya karɓa da murna, fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba, ya shafa ta, ya buɗe bakinta wai yana duba haƙori, ya ce albarka. Suka fashe da dariya, ɗaya yana ɗauka a waya. Da za su fita mutumin ya ce, yadda zan ji, Allah ba ya barci, tun a duniya ake fara biya. Ina tsaye riƙe da buta, na kauce na ba su hanya, ni da ake cewa na iya magana.

Maigidana bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Da ma ya yi. Daina cin abincina ya yi, sai ya aika a sayo masa a tasha. 'Yan'uwansa mata suka sa mini suna Rediyo, in na shigo taro sai ɗaya ta ce a rage murya an kunna. Babbar yayarsa ta ce shekara da shekaru ubansu yana tara mutunci, baƙuwa ta zo ta watsar da shi don a ce ta yi kolej. Yarana kuwa a hanyar lakwal ake bin su ana buga gwangwani da tsinke ana cewa duba haƙori. Babban ya dawo da leɓe a fashe.

Daga ƙarshe mazan gidan suka sake zama, suka ce tunda an ce yana Tagriss, to a mai da ƙaryar gaskiya. Na durƙusa gaban maigidana na roƙe shi. Na ce can ba su san da la'asar sai an ce masa an shayar da bisashe ba, ba su san ba ya haɗiye tuwo in ba a sassauta ba. Ya ce na riga na yi wa duniya bayani, ya isa. Da hantsi mota ta zo. Baba ya riƙe ƙyauren ɗakin da hannu biyu yana kallona yana cewa Inna, ina za a kai ni, Inna ki ce musu ban yi kome ba. Aka ɓamɓare yatsunsa. Na bi su da kwanonsa da cokalinsa, yayar ta ture hannuna ta ce can ma akwai kwano.

Bai ga ƙarshen damina ba. An ce wata rana da la'asar mutanen rugar sun tafi rijiya, ya tashi ya nufi daji shi kaɗai, sai washegari aka same shi. Ni na san inda za shi, bisashe ya tafi shayarwa. Labarin ma bai iso mu da wuri ba, don can ɗin da gaske babu rezo. Waɗanda suka miƙa masa tsintsiya suna sahun gaba wajen zaman makoki, suna cewa mutumin kirki ne.

Na yi ta juya abin a raina. Ba zan ce kulle shi da muka yi daidai ne ba. Wata ma'aikaciyar likita, wato asibiti, ta faɗa mini daga baya cewa wannan mantuwa ciwon tsufa ce, tana kama malami tana kama dillali, ba ruwanta da alhaki. Da tun farko mun faɗi haka da bakinmu, da wataƙila an yi surutu an gaji. Mun ji tsoron bakin mutane, muka yi masa katanga da ƙarya, ni kuma na huda ta ba da niyya ba, don ina son a ji tausayina ya fi na kowa. 'Yan'uwana mata, in abu ya taɓa miki ciwon da ke cikin gidanki, ba lokacin yin sharhi ba ne, ki kai kukanki kan sallaya. Ki saurari abin da kika ɗauka kafin ki tura, don waya tana jin abin da kunnenki ya daina ji. Masu zuwa dubiya da salula a hannu kuma, ku ji tsoron Allah, tsufa na nan tafe, ba wanda ya san da wace kama zai zo masa. Masu shirya mana abin dariya, ku tuna a cikin ɗakin da ake shewa akwai wadda ta bar irin tsohon nan a gida.

Bokal ɗin, da wata ta sake turo mini, yana nan a salulata, na kasa saurara, na kasa gogewa. Kwanan baya na yi niyya, na zauna bakin madafa na buɗe shi, yatsana na kan wurin gogewa, sai ya kunna kansa. Autata tana wasa a tsakar gida, ta yar da abin hannunta ta sheƙo ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Mama, kar ki goge, nan kaɗai Kaka ya rage. Ki wuce wurin da kike magana, ki sa mini inda yake kirana."