Malam Ilu, Mai Rubuta wa Attajirai Labarin Kasuwa

Da an idar da sallar asuba, Malam Ilu yakan hau kekensa ya bar Dutsin-Ma. Ranar kasuwar Kurfi yana can, wata rana kuma yana rugagen Shema. Ba saye yake ba, ba sayarwa ba. Zama yake a rumfar masu awo ko gefen dillalan shanu, ya kasa kunne. In ya dawo sai ya rubuta abin da ya gani: inda gero ya yi kyau, inda gyaɗa ta lalace, hanyar da ruwa ya yanke. Ya kwafe da hannu, wasu da ajami, wasu da boko, ya kai wa attajiran garuruwan biyu. Tun kafin a sami mulkin kai yake wannan aiki, masu karatunsa kuwa ba su taɓa cika tabarma biyu ba.

Makiyayan Shema ba su manta da shekarar da ciwon huhu ya shiga shanunsu ba. Alhaji Sodangi, babban dillalin shanu na Kurfi, ya riga ya sayi garke guda daga can, yana shirin shigar da su kasuwa. Malam Ilu ya same shi a zaure ya gaya masa abin da zai rubuta.

Alhaji ya ce, "Malam, wannan makon ka tsallake maganar Shema."

"Alhaji, in na tsallake, shanun nan za su cuɗanya da na mutane."

"Ni fa na fara karɓar takardarka lokacin da ba wanda ya san ka."

"Ban manta ba, Alhaji. Shi ya sa na fara zuwa wurinka."

Malam Ilu ya rubuta. Aka ware garken, malaman dabbobi suka zo, shanun jama'a suka tsira. Alhaji Sodangi ya yi asara mai yawa, ya daina amsa gaisuwarsa. Abin ya yi wa Malam Ilu ciwo ƙwarai, amma kowane mako sai ya je ya ajiye takardar Alhaji a bakin zaure, ya yi sallama ya juya. Haka aka shafe shekaru. Da idon Alhaji ya yi rauni, ya aika a kira shi.

Alhaji ya ce, "Ana karanta mini takardarka, amma ba mai tsayawa inda kake tsayawa. Zauna ka karanta mini, Malam."

Bana hannun Malam Ilu ya soma rawa, alƙalami ba ya zama. Da ƙarshen shekara ya zo, attajiran suka taru a gidan Alhaji Rabo mai hatsi, Malam Ilu ya shaida musu ya ajiye aikin. Alhaji Rabo ya tambaye shi ko bai taɓa sha'awar yi wa jarida rubutu ba, inda dubbai za su karanta.

Ya yi murmushi ya ce, "Na yi sha'awa, Alhaji. Amma ku, in ina rubutu fuskokinku nake gani. Na san wanda maganar za ta ɓata wa rai, kuma gobe sahu ɗaya za mu tsaya a masallaci. Sai in ga ba ni da ikon rage komai."

Alhaji Sodangi ya lalubo hannunsa ya riƙe.

Malam Ilu, kai ne idon waɗanda ba su je ba. Ba a taɓa buga sunanka a ko'ina ba, amma akwai rugage da yawa da har yau ake tatsar nono saboda ka ƙi yin shiru. Mun gode. Allah Ya ba hannun nan lafiya, Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu tasowa da alƙalami, kada ƙarancin masu karatu ya sa ku raina aiki. Ku je ku gaishe shi tun yana da ƙarfin ba ku amsa.