Ɓuyana Bayan Kwalayen Alawa

"Yau ma ba kya salla?" Inna Talatu, babbarmu a kamfanin alawa na Sharada, ta ritsa ni bayan kwalaye. Shekarun 1980 ne.

Al'adata ta rikice, in na yi wanka sai jini ya dawo. Ga aure ya yi nisa, ba ciki.

Na ce, "Inna, tsoro nake kar asibiti su ce mahaifata ta lalace."

Ta ce, "Ɓuyan ne zai ba ki ɗa? Ɗauko mayafinki."

Ta raka ni asibiti, likita ta ce abin yana jinkirta ciki, amma da magani.

Jiya 'yata ta raɗa min irin wannan matsalar. Na ce ɗauko mayafinki.

Mata, ku wa ya raka ku?