Koriyar Caca ta Bakin Iyaka

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na bi mijina har bakin iyaka da goyo a bayana.

A Jibiya muke zaune. Maigidana ɗan acaɓa ne a lokacin, babur ɗinsa shi ne gonarmu, shi ne rumbunmu. Tun da aka kafa shari'a 'yan karta suka ɓace daga gindin itatuwa, mu mata muka ce mun huta. Ashe cacar ba mutuwa ta yi ba, laɓewa ta yi har manyan wayoyi suka zo ta shige aljihu.

Wani wasa ne mai juya hotuna, in uku suka zo iri ɗaya ka ci. Da layin Najeriya ja yake fitowa, da kan zaki. Amma in ka matsa bakin iyaka ka sa layin Nijar, sai ya fito kore shar, zinariya tana zuba, ga kiɗa mai daɗi. Sai magana ta bazu a tashar 'yan acaɓa cewa ja cinye mutane yake, kore kuwa bayarwa yake. Mijina, wanda ko goro ba ya saya sai ya yi ciniki, ya hau maganar ya zauna.

Ranar kasuwa maƙwabciyata ta shigo ta ce ta ga babur ɗinmu a wurin dillali, wai an jinginar da shi. Na bar tukunya a wuta, na saɓa goyo, na nemi motar bakin iyaka. Duk hanya addu'a nake kada in tarar ya gama zuba kuɗin.

Na same shi bayan manyan motocin hatsi, a inuwar itacen bedi, cikin maza kowa ya duƙufa kan wayarsa.

"Malam, ina babur?" na tambaye shi.

Bai ɗago ba. "Koma gida. Wagga ba irin waccan ba ce, yanzu za ta buɗe."

Na leƙa. Hotuna biyu su zo daidai, na uku ya tsaya kamar zai shigo, sai ya zame. In kuma ta mayar masa da ɗan abin da bai kai wanda ya zuba ba, sai ta ɓarke da kiɗa kamar an yi haihuwa. Ina kallo kuɗin yana ƙarewa, wayar tana yi masa guɗa. Tsoro ya kama ni sosai.

Wani dattijo mai rawani da ke gefensa ya miƙo wuya. "Kai koriya kaka yi? Ai ita ta gama da mu can Maraɗi. Ni tun da sahe na tsallako biɗar rezon ku na waya, an ce mai zaki ita ka badawa. Har sana na noma na saida."

"Ta ba ka?" in ji mijina.

Dattijon ya juyo da wayarsa, jajawur. Mijina ya kara tasa kusa da ita ya daɗe yana dubawa. Layukan iri ɗaya, wurin dannawa iri ɗaya, fenti kawai ya bambanta. Sai ya kashe wayar.

Abin da ya rage bai isa fansar babur ba. Wa'adi ya cika dillali ya sayar. Mutumin da yake kai fasinja har Gangara ya koma tura baro a kasuwa, kullum yana ganin babur ɗinsa na wucewa da wani a kai.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, caca ko wace riga ta sa duk kanwar ja ce. Mai ita bai yi mata kwalliya don ka ci ba, ya yi ne don kada ka tashi.