Goro da Dabino a Faranti Ɗaya

Ni fa akwai tambayar da nake yi wa kowa. Duk wanda ya shigo shagona na ɗinki a nan Nima, unguwarmu ta Ankara babban birnin Gana, kafin in gama auna masa kafaɗa na riga na jefa masa ita: in aka ce ka zaɓi garin zama saboda iskarsa kawai, ban da kuɗi, ban da aiki, ina za ka? Amsoshin daɗi gare su wallahi. Wani ya ce Aburi, can kan dutse, inda ake neman mayafi da asuba. Wani ya ce a bar shi a bakin teku. Samari kuwa duk Jamus, wai su ga ƙanƙara na zuba, alhali ruwan firiji ma mura yake sa su. Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da taswirar duniya manne a bango, kuma ba na bari labarin yanayi ya wuce ni a rediyo. Tambayar dai ba tawa ba ce. Wurin kakata na gaje ta.

Kaka mahaifiyar babanmu ce. Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram kakanmu ya auro ta lokacin yana fataucin goro, ya kawo ta Ankara tana yarinya. Ya rasu tun kafin a haife ni, ita kuwa ta ci gaba da zama a ɗakinta na kusurwar gidanmu na haya. Ta tsufa a nan, amma ko kwana ɗaya ba ta shirya da iskar garin nan ba. Da damina gishirinta ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa, takalmin idi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. In ta shanya kuɓewa a kan kwanon rufi, sai ta sauko da ita baƙa tana yauƙi. Ga ciwon fuka, da hadari ya haɗu ƙirjinta ya fara kuka kamar ƙyauren da ba mai.

Kullum da safe in ta fito alwala sai ta ɗaga kai ta dubi sama ta ce, "Wannan ba gari ba ne, tukunyar dambu ce." Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga ɗin da ke dafa kenke, tuwon masarar nan na Gana, a ɗakin da ke kallon nata, ta amsa daga bakin murhu, "Hajiya, mota na nan a tashar Tudu, ko in kira miki kaya-kaya ya ɗaukar miki kaya?" Kaka ta ce, "Ke da aka haifa cikin ruwa kamar kwaɗo, me kika sani?" Su yi dariya, Anti Dede ta miƙo mata garwashi a murfin tukunya. Haka suke gaisawa. Ban taɓa jin sun yi wa juna ina kwana ba.

Tatsuniya kuwa wanki ne ya jawo mana ita. Da yake zannuwanta ba sa bushewa a igiya, bayan magariba sai ta hura kurfoti, murhunta na gawayi, a baranda, ta kife babban kwando a kai, ta shimfiɗa zane a bisansa. Ni da ƙanwata Hawa aikinmu mu riƙa juya zanen kada ya ƙone. Ladanmu labari. Ruwa na dukan kwano, ƙanshin sabulu da hayaƙin gawayi na tashi, ita tana zaune a tabarma da ƙafafu miƙe. Takan ce, "Ga ta nan, in ruwa ya bar ku ku ji." Mu ce, "Ta zo ko a jiƙe take." Ni Angona take ce mini, irin wasan kaka da jika, wai ni ne mijin da bai taɓa ba da kuɗin cefane ba.

Ta yi mana na Gizo, ta yi mana na kura, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta Goro da Dabino.

Wai Goro saurayi ne ɗan kurmi, ja jawur, kullum naɗe cikin ɗanyen ganye kamar ɗan sarki. Dabino kuwa budurwa ce 'yar hamada, siririya, mai zaƙin baki. Fatake suka ɗauko shi za su arewa, wasu suka ɗauko ta za su kudu, sai aka sauke su a zango ɗaya, huhunsa kusa da buhunta. Kafin gari ya waye sun shirya. Aka ɗaura aure, sai maganar wurin zama ta taso. Dabino ta ce a je garinsu, inda rana ke fitowa da gaskiya, a kwana a waje ana ƙirga taurari. Suka je. Ba a daɗe ba Goro ya fara yamushewa, jan nan ya dushe, yana neman zama kauɗa, wato busasshen goron da sai tsohuwa mai turmi ke iya ci. Dabino ta ga mijinta zai mutu, ta ce su koma garinsu shi. Can kuma ruwa safe da yamma. Goro ya murmure ya yi ƙiba, ita kuwa ta fara laushi, fumfuna ta kama mata gefe, tururuwa suka gano gidan.

A nan Kaka takan tsaya ta yi tari, ta ce, "Angona, juya zanen nan, ko so kake in fita tsirara?"

Sai Goro ya tara danginsa, suka ce ba za su zuba ido 'yar mutane ta ruɓe a hannunsu ba. Suka yi mata goma ta arziki, suka ɗora ta a raƙumi, suka mayar da ita gida. Tun daga ranar ba sa haɗuwa sai in ana suna ko ɗaurin aure, a zuba su a faranti ɗaya, su ɗan gaisa kafin hannuwa su raba su. "Ƙurunƙus," in ji Kaka, "a kwashe mini zannuwa."

In ta gama sai ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi garin da zai zaɓa. Hawa kullum Kumasi, don ta ji an ce akwai inuwa. Ni yau in ce Makka, gobe in ce cikin jirgin ruwa. Ita kuwa amsarta ba ta canzawa: garin da za ka wanke zane da hantsi ka ɗaura abinka kafin azahar. Wata rana Hawa ta ce, "Kaka, da Dabino ta koma gida, ta ji daɗi?" Kaka ta daɗe tana tona garwashi da tsinke. Can ta ce, "Ta dai bushe lafiya." Muka ɗauka amsar e ce.

Ina shekarar ƙarshe a firamare fukar ta tsananta. Daminar wannan shekara a zaune ta yi ta, jingine da bango, don in ta kwanta numfashi ɗaukewa yake. Likita ya ce wa Baba ƙirji irin wannan busasshiyar iska yake so. Baba ya dawo yana murna kamar an yi masa bushara. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, abin da kika daɗe kina so ya samu. Kafin ruwa ya dawo za ki gida." Akwai ɗan ƙaninta a ƙauyen, an aika masa, ya ce a kawo ta, ɗaki na nan. Gidan duka aka yi ta yi mata barka. Ta dubi Baba, ta dubi mu, ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Yanzu da na girma nake tambayar kaina, matar da ta ƙare rayuwarta tana zagin iskar Ankara a gaban kowa, da wane baki za ta ce ba ta zuwa?

Malam Isufu, direban motar albasa da ke zirga-zirga tsakanin Nijar da nan, shi ya ɗauke ta a gaban mota. Ranar tafiya Anti Dede ta fito da ƙullin kenke da soyayyen kifi, ta cusa mata a jaka, ta ce, "Je ki, mu huta da mita." Kaka ta ce, "Kwaɗo, a ci gaba da iyo." Ba wanda ya yi dariya a cikinsu. Ni kuma Kaka ta damƙa mini kwandon busar da zannuwa ta ce in ajiye, kada in bari a zuba masa tumatir.

Ruwa ya sauka, ya yi ƙarfi. Ana tsakiyar damina Malam Isufu ya dawo da lodi, ya biyo gidanmu da yamma ɗauke da ƙullin tsumma. Aka kwance, ga kuɓewa busasshiya ƙayau, ga kuka, ga yakuwa, duk ita ta shanya da hannunta. Mma, mahaifiyarmu, ta ɗauki kuɓewa ɗaya ta karya, muka ji ƙas. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi. Tarin fa?"

Malam Isufu ya ce, "Tari ya tafi, Alhaji. Kwance take barci har safe." Sai ya juya hularsa a hannu. "Amma sa'o'inta duk sun rasu. Matan gidan suna kula da ita, ba laifi, sai dai yaran tsoronta suke, wai tsohuwar Gana. Da magariba takan hura wuta ta zauna, alhali ba abin da za ta busar. Ta ce in gaya wa Angonta ta bushe lafiya. Ta kuma ce in akwai wuri a mota, in zan koma, in taho da ita."

Hawa ta dube ni, na dube ta. Mu biyu kaɗai muka san inda maganar nan ta fito.

Baba ba mugu ba ne, son uwarsa yake. Ya dubi tsakar gida, ruwa har idon sawu, bango na tsattsafo, ya ce, "A dawo da ita cikin wannan? Kashe ta za mu yi. Ka ce mata ta yi haƙuri ruwa ya ɗauke, ni da kaina zan zo." Kowa ya ce gaskiya ne. Malam Isufu ya tafi da saƙon. Zuwansa na gaba bai shigo da ƙulli ba, a ƙofar gida ya tsaya ya yi sallama da Baba. Ba fuka ba ce, in ji shi. Ta kwanta ne kawai ba ta tashi ba. A lokacin saura kaɗan ruwa ya ɗauke.

Ranar addu'a aka shimfiɗa tabarmi a layinmu, malamai suka zauna, aka miƙo mini farantin sadaka in zaga da shi. Na duba, goro a gefe, dabino a gefe, suna taɓa juna. Ban kai ƙarshen layi ba na ajiye shi na shige bayan gida.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan cewa take kowa ya zauna inda jikinsa ke so. Sai daga baya na lura, a duk tsawon labarin ba wanda ya tambayi Dabino. Dangin Goro sun ga fumfuna, sun ji tausayi, sun nemo raƙumi. Wataƙila da an tambaye ta, da ta ce a bar ta ta ruɓe a hankali kusa da mutanenta. Shi ya sa har yau nake tambayar mutane, kuma in sun amsa ba na saurin yarda, sai in ƙara da cewa, to da wa za ka zauna a can?

Kwandon yana nan a shagona, ƙyallaye nake zubawa ciki. Anti Dede ma tana nan, ta tsufa, jikokinta ke dafa kenken yanzu. Ran nan da safe hadari ya haɗu, na biya gidan in gaida Mma, sai na gan ta ta fito tana dogara sanda. Ta dubi sama, ta dubi ƙofar ɗakin kusurwa inda wasu baƙi ke haya, ta ce a hankali, "Tukunyar dambu." Ta ɗan tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ta koma ciki.