Ɗorawar da Malam Ya Sha a Abuja

Ku matso kusa, 'yan'uwa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ban san baƙi ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa.

Mun tashi da asuba daga Kutemeshi, ni da wasu mata masu kai hatsi kasuwar Birnin Gwari. Can muka rabu, na shiga motar Kaduna ni kaɗai, da ƙullin daddawa, da dambu, da ƙuli-ƙuli. Daji ya rufe hanya hagu da dama, hazon safe na kwance a kan itatuwa kamar an shanya fararen zannuwa. Kowa ya yi shiru yana jan carbi. Hanyar ta yi sauƙi yanzu, amma sai da muka wuce Buruku sannan direba ya kunna rediyo.

Ga abin da ya fitar da ni. Mai gidana, Malam, Allah ya jiƙansa, ya yi cin rani a Abuja tun ana sare dajinta, yana ɗaukar kwanon siminti. Lokacin da aiki ya tsaya, yunwa ta matsa, wata ɗorawa ce ta riƙe shi kusan wata biyu. Bai taɓa sanin mai ita ba. A wurinmu kuwa itace da mai shi, ko da gonar ta wani ce. Ana saura kwana uku ya rasu ya ce in nemo masa yafiya. Kwatancen da ya bar mini shi ne: gindi ɗaya, rassa biyu tun daga ƙasa, rafi a gabanta, babban dutse a bayanta.

A Kaduna na sauya mota. Da la'asar Dutsen Zuma ya ɓullo mana, tsaye kamar dattijon da ke jiran baƙi, har na yi masa sallama ban sani ba. A tashar Zuba na sami wata mai abinci, na ba ta daddawa, ta shinshina, ta ce in dai wannan ce in shimfiɗa tabarma a shagonta har in gaji. Da haka masauki ya samu.

Kashegari na shiga cikin birni a motar haya. Tituna shimfiɗe kamar an yi musu daɓe, ba akuya, ba kaza. Gidaje na gilashi, gajimare na wucewa a jikinsu. Na ga ana ba ciyawa ruwa da rani, kuma ba dabbar da za ta ci. Na tambayi kuɗin farantin shinkafa, da na ji abin ya fi tiyar masara, sai na gode na koma ga dambuna. A babban masallaci na yi azahar, na zauna ina kallon ƙubbar nan mai ruwan zinariya har wuyana ya ƙage. Na shiga wani katafaren kanti don in sha sanyi, na ga matakala tana tafiya da mutane. Ban hau ba. Kallo dai ba a biya.

Duk wanda na tambaya ɗorawa sai ya tambaye ni sunan titi. Wani mai tasi ya duba wayarsa da gaske, ya ce babu ita a ciki.

A rana ta uku ƙafafuna sun kumbura, dambu ya kusa ƙarewa. Ina zaune gefen titi sai ga wata tsohuwa ɗauke da doya a kafaɗa, ba a ka ba. Na san Bagwariya ce. Na gaishe ta da 'yar Gwarancin da na koya wurin maƙwabtanmu, ta sauke kayanta tana dariya, ta ce harshen namu ya ɗan karkace amma ta ji. Na ba ta kwatance. Sai ta ce in biyo ta.

Muka yi tafiya mai ɗan nisa zuwa wani lambun shaƙatawa mai shingen ƙarfe. Rafin ya zama kwalbati. Amma ga dutse can baya, ga ta nan, gindi ɗaya, rassa biyu, 'ya'yanta na reto. An jera fararen kujeru a inuwarta. Mai gadi ya ce sai da tikiti. Na ce ba shiga na zo ba, mai itacen nake nema.

"Iya, itacen masu lambu ne," in ji shi.

"Na uwata ne, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Ɗakinmu yana nan inda ka ajiye kujerarka."

Ta ce an tashe su tana goyon fari, uwar ta rasu, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yanta. Kullum takan bi ta nan, ba ta taɓa shiga ba. Mai gadi ya dube mu, ya dubi titi, ya buɗe ƙaramar ƙofa.

Da na dafa gindin sai ƙarar motoci ta yi nisa. Na ga Malam da ƙuruciyarsa, siriri, siminti a gashinsa, bakinsa rawaya da garin ɗorawa, yana waige-waige kada mai ita ya zo. Na durƙusa gaban matar na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni.

"Tashi, 'yar'uwa," ta ce. "Mun ga ɓawon a ƙasa, mun san mai yunwa ne. Uwata ce ta hana a kakkaɓe reshen ƙasa a shekarar. Na yafe masa duniya da lahira."

Ita Kirista ce, ta yi addu'arta, na yi tawa. Muka zauna a kujerun masu kuɗi muka cinye sauran ƙuli-ƙulin.

Na dawo gida ran Alhamis da yamma, na je na faɗa wa 'ya'yan Malam cewa nauyin ubansu ya sauka. Abin da na gano shi ne birni komai tsadarsa an ɗora shi ne a kan garin wasu, kuma masu garin suna nan suna bin gefen shinge.

Mai abincin Zuba ta aiko direba neman daddawa, yanzu duk wata ina aika mata. Mai gadi, an ce an mai da shi wata ƙofa, na yanzu kuwa ba ya buɗewa. Tsohuwar ta daina tallar doya saboda gwiwa, tana wurin ɗanta a Bwari. Ni kuma ga ni a Kutemeshi, idan na ambaci Malam a addu'a ba na ƙara jin tsoro a kansa.