Makullin Baba Sigina

Shekara talatin da huɗu Baba Sigina ya yi yana tuƙa bas ɗin cikin gari, kuma idan ka zauna da shi na minti biyar sai ya faɗa maka cewa ko fentin motar wani bai taɓa gogewa ba. Ba cika baki ba ne, gaskiya ce. Takardar yabon da kamfanin ya ba shi ranar da ya ajiye aiki tana nan rataye a falonsa, sama da talabijin, kullum da safe sai ya sa bakin rigarsa ya goge gilashinta. Sunan ma a wajen aiki ya samo shi. Mutum ne da ko a filin ajiye motoci yake, babu kowa gabansa babu kowa bayansa, sai ya kunna sigina kafin ya karya kwana. Abokan aiki suka yi ta tsokanarsa har sunan ya biyo shi gida, yanzu ko matarsa, wadda kowa ke ce wa Mama, haka take kiransa idan ya ɓata mata rai.

Zaman gida bai karɓe shi ba. A watan farko ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, a na biyu ya koma kan waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ranar da ya kwance injin markaɗen Mama don ya ga abin da ke sa shi ƙara, ta ɗauki waya ta kira autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ta ce a zo a nemo wa mahaifinsu abin yi kafin ya kwance rufin ɗaki. Auta ta gaya wa mijinta. Shi kuwa washegari ya zo da tsohuwar na'urar wasan bidiyonsa a cikin kwali, ya haɗa ta da talabijin, yana ta ba da haƙuri kamar wanda ya kawo abin kunya.

Wasan tseren motoci ya fara sa masa. Motoci goma sha biyu suka jeru, aka ba da alama, sha ɗaya suka fita a guje. Ta Baba Sigina kuwa tana nan tsaye, domin yana neman maɓallin da ake duba madubi. Da ya tashi, ya kama hannunsa ya miƙe a hankali. Duk wadda ta zagayo ta bayansa sai ya rage gudu ya ba ta hanya. A kwana ba ya wuce kowa, ko da hanyar a buɗe take. Ya iso na ƙarshe, bayan sauran sun daɗe da gamawa, motarsa tas babu ko ƙwarzane. Surukin ya cije leɓe har idonsa ya kawo ruwa, don ba ya iya yi wa uban matarsa dariya. Baba Sigina ya ajiye abin hannun, ya nuna motar da ta zo ta ɗaya, wadda gabanta ya lotse kuma ƙofa ɗaya ta fita, ya tambaya da gaske ko wancan direban ne za a ba kofi. Aka ce masa shi ne. Ya ce to lallai wannan wasa ba shi da manya.

Da nan abin ya tsaya, da an mayar da na'urar kwalinta. Amma surukin ya tuna akwai wani wasa da shi kansa bai taɓa iya minti goma a kai ba saboda gundura. Bas ake ba ka, da layi, da lokaci. Ka tsaya a kowace tasha, ka buɗe ƙofa, fasinjoji su hau, ka jira tsohuwa ta zauna kafin ka tashi. Ka taka birki da ƙarfi a rage maka maki, ka tsallake danja a rage, ka manta sigina a rage. Baba Sigina ya saurari dokokin nan yana gyaɗa kai, fuskarsa ta washe, ya ce ashe dai akwai masu hankali a cikin masu yin abin.

Cikin sati biyu ya sayo sitiyari na wasa, mai totur da birki a ƙasa. Ya ɗaure shi jikin teburin guga da ya rage wa tsawo, ya sa wa ƙafafun kujerarsa katako har ta kai tsayin kujerar bas. Ƙarfe tara na safe yake kama aiki, bayan ya karya, kuma ba ya zama da singileti, sai ya sa riga mai maɓalli. Sha biyu yake tashi. Idan Mama ta yi masa magana yana tsakiyar hanya sai ya ce ba a hira da direba, ta jira tasha ta gaba. Ita ma ta saba, har takan tsaya bakin ƙofa da kofin shayi sai ta ji ƙarar buɗe ƙofar bas sannan ta shigo.

Kada ka kuskura ka tambaye shi wasan da ya fi so sai in ba ka da wajen zuwa. Na bas shi ne gaba, wannan ba a ma sa shi a layi. Bayansa sai na tirela, wanda ake ɗaukar kaya daga wannan gari zuwa wancan, kuma abin da ke burge shi a ciki bai wuce ajiye doguwar mota da baya tsakanin wasu biyu ba. Yakan yi sau ɗaya, ya juyo ya kalli duk wanda ke falon. Akwai kuma na gona, inda yake huɗa da tarakta, wannan na ranar da gwiwa ta dame shi ne, don babu mai yi maka hon a gona. Na harbe-harbe kuwa ya gwada sau ɗaya ya ce shi bai ga abin da mutanen suka yi masa ba. Tsofaffin abokan aikinsa da suka zo yi masa dariya, biyu daga cikinsu yanzu kowace Asabar suna nan suna jiran layi, yana tsaye a kansu yana gyara musu riƙon sitiyari.

Shekara ta uku da fara wasan sai ya shiga ƙorafi. Makinsa da ba ya sauka daga ɗari ya koma tamanin da wani abu. Ya ce masu wasan sun lalata shi, sun fara jefo masu keke daga sama. Kana tafiya lafiya lau, hanya fes, sai ka ji ƙum, jan rubutu ya fito wai ka buge mai keke. Kullum kuma ta hagu. Har ya sa surukinsa ya rubuta wa kamfanin wasan takarda, ya tsaya a kansa yana faɗa masa abin da zai rubuta, da tarihin shekara talatin da huɗu a sakin layi na farko.

A watan nan ne Auta ta kai shi wajen likitan ido, don an daɗe ba a canza masa tabarau ba. Baba Sigina ya karanta haruffan bango har layin ƙasa, yana karantawa yana kallon likita don a shaida. Amma da aka sa kansa cikin wata na'ura aka ce ya danna duk lokacin da ya ga ɗigon haske, sai aka ga na gefen hagu suna ta wucewa bai danna ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ke gabansa yana gani sarai, gefen ne ke rufewa a hankali, kuma mai ciwon ba ya sani. Ya rubuta maganin ɗigawa, sannan ya ce maganar tuƙi a kan titi ya kamata a ajiye ta.

Baba Sigina ya karɓi maganin, ya bar shawarar a ofishin likita. Yana da 'yar ƙaramar motarsa, fara, wadda yake kai Mama kasuwa da ita, ya je gaishe-gaishe, ya ɗauko abokansa ranar Asabar. Makullinta a aljihun rigarsa na ƙirji yake kwana. Ya ce yaron da ba a haifa ba lokacin da ya karɓi lasisi ba zai sauke shi daga mota da ɗigon haske ba. Mama ta yi magana, ya ce ta jira tasha ta gaba. Auta ta yi ta fama sati uku, da lallashi da fushi, har ta daina cin abinci a gidan. Tsoro take ji ƙwarai, kuma ta san idan ta ɗauke makullin a ɓoye ba zai taɓa yafe mata ba.

Wata Asabar da safe ta zo da takardar likitan a jaka, ta same shi ya riga ya zauna gaban sitiyari. Kafin ta buɗe baki ya nuna mata kujerar da ke bayansa.

"Zauna nan, ke ce fasinja. Tasha goma sha huɗu ce. Idan kin ga kuskure ɗaya da yake nawa, ba na masu wasan ba, ki faɗa."

Ta zauna. Kuma gaskiya tuƙin ya yi kyau. Yadda yake shiga tasha, tayar ta tsaya dab da gefen titi ba ta taɓa ba, yadda yake sakin birki ba a jin girgiza, ko wanda bai san mota ba ya san hannu ne ya faɗa. Auta ta tuna lokacin da take ƙarama, tana zama kujerar farko bayan an tashi makaranta, tana kallon ƙeyar nan tasa da tabbacin cewa babu abin da zai same ta. Tasha shida suka wuce maki bai motsa daga ɗari ba. Yana tuƙi yana yi mata bayanin kowace kwana.

Bayan tasha ta bakwai akwai gidan mai, sannan shataletale. Tun daga gidan man Auta ta ga mai keke da rigar ruwan ɗorawa ya fito ta hagu, yana tafe a gefen bas ɗin. Ta damƙe hannun kujera, ta fara ƙirga a ranta. Mahaifinta ya kunna sigina yadda ya saba, ya karya sitiyari. Ƙum. Jan rubutu ya fito.

"Kin gani da idonki ko? Daga sama."

"Baba, tun daga gidan mai yake gefenka," in ji ta. "Na ƙirga. Har shida na ƙirga."

Bai yi mata musu ba, domin a aikinsu idan fasinja ya ce ya ga abu, dubawa ake yi. Wasan yana da wajen maimaita abin da ya wuce, bai taɓa buɗe shi ba don bai taɓa zargin kansa ba. Ya buɗe. Wannan karon ya juya kansa gaba ɗaya ya fuskanci gefen hagu na talabijin. Ga mai keken nan, riga ruwan ɗorawa, yana taka kekensa a fili, ba daga sama ba, ba daga ƙasa ba. Ya maimaita. Ya mayar da fuskarsa tsakiyar hanya yadda yake tuƙi, mai keken ya ɓace. Ya juya, ya dawo. Sau uku yana yin haka, Mama na tsaye bakin ƙofa da kofin shayi ta kasa shigowa.

Abin ya buge shi sosai, kuma bai ɓoye ba. Amma bai tashi a nan ba. Ya koma cikin wasan, ya kunna sigina, ya gangara da bas ɗin gefen titi, ya ja birkin hannu, ya buɗe wa fasinjoji ƙofa. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirji ya ciro makullin, ya ɗaga kai ya dubi takardar da ke saman talabijin.

"Shekara talatin da huɗu ban taɓa kowa ba," ya ce. "A haka za ta tsaya. Ungo."

Auta ta karɓa tana kuka. Ya ce ta share hawayenta, ba mutuwa aka yi ba, kuma kada ta ɗauka kyauta ya ba ta, direba ya ɗauka aiki. Ya kuma ce a gaya wa mijinta ya sake rubuta wa kamfanin wasan ya janye waccan takarda, don ba ya son a hukunta wani a kan laifin da ba nasa ba.

Har yau ƙarfe tara yake kama aiki. Ya ja kujerar baya kaɗan, ya koyi juya kai hagu kafin kowace kwana, makinsa ya koma casa'in da wani abu, kuma ya ce ɗarin ma tana nan tafe. Mai keken nan idan ya gan shi yakan rage gudu ya ba shi hanya, har ya ɗan taɓa masa hon.

Farar motar kuwa Auta ke ja, shi yana kujerar gefe da hannu a kan gwiwa, yana taka birkin da babu shi. Ranar da suka koma wajen likita sun makara, sai da aka kusa tashi aka gan su. Da suka fito filin ajiye motocin ya zama fayau, tasu ce kaɗai ta rage. Auta ta tayar da mota, ta duba madubi, babu kowa gaba babu kowa baya. Ta kunna sigina, sannan ta karya kwana. Baba Sigina ya ji ƙarar tana ƙyas-ƙyas, ya riga ya buɗe baki zai tuna mata, sai ya rufe. Ya gyara zama, ya jingina kansa da kujera, har suka isa gida bai ce a rage gudu ba.